Gorar Irin Baba

Litinin, 14 ga Maris, 2022

Yau muka dawo da Baba daga asibiti, bayan kwana goma sha ɗaya. Ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba. Magana tana fita, amma a karkace, sai ka kasa kunne sosai. A kasuwar albasa ta Aliero ya faɗi, basilla a hannunsa, yana ɗinke bakin buhu, aikin da ya fi shekara talatin yana yi.

Da muka kwantar da shi bai dubi Inna ba, bai dube ni ba. Gorar nan da ke rataye a jikin bango ya zuba wa ido. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Asabar, 19 ga Maris

Tunda littafin nan nawa ne, bari in faɗi abin da ba na iya faɗa a tsakar gida. Na tsani gorar nan.

Irin geron kakana ne a cikinta, cakuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Daga Rijiyar Gawo ya fito, ƙauyensu Baba, can arewa da Dogon Dutsi, cikin Nijar. Baba ya zo Jega ci-rani tun yana saurayi. Ya koma ya auro Inna, ya kawo ta, aka haife ni, aka haifi Ihsan, furfura ta cinye masa kai, amma har gobe in ka tambaye shi sai ya ce, "Ci-rani naz zo." Gidan da muke ciki na Alhaji Maccido ne, dillalin albasar da yake wa aiki. Sau uku Alhaji yana ce wa Baba ya mallaki gidan, Baba yana ƙi. Ko itace ɗaya babu a tsakar gidanmu. Ina aji huɗu na binne ƙwallon mangwaro ya tsiro, ganye huɗu jajaye, Baba ya tuge shi a gabana. Ya ce, "Mu da za mu koma gida, wa za shi ba shi ruwa?" Na yi kuka ranar har na kasa cin tuwo.

Kowace shekara, da ruwan farko ya sauka a Jega, sai ya sauke gorar ya tafi shuka gonar ubansa. Da kaka ya koma ya kwaso gero, ya sake cika gora. Al'adarsu can, gonar da mai ita bai shuka ba, wanda ya shuka ta cikin dangi shi ke riƙe ta. Akwai kuma Baffa Tukur, ɗan wan babansa, mai 'ya'ya rututu da ƙaramar gona. Tun ina yaro nake jin sunan Tukur a gidan nan kamar sunan ciwo.

Bana wa zai tafi? Ba wanda ya tambaya tukuna.

Laraba, 23 ga Maris

Sallar asuba, in wanke Baba, in juya shi, in gasa masa kafaɗa, sannan in hau babur zuwa Maiyama. Yau ma na makara, yara sun riga sun shiga aji. Wata bakwai kawai da ɗaukata koyarwa, ba a ma tabbatar da ni ba.

Ihsan ta zo daga Aliero, wai za ta ajiye karatu ta zauna jinya. Na ce in ta sake faɗa sai ranta ya ɓaci. Cikinmu dai a samu ɗaya da ya tsira.

Lahadi, 24 ga Afrilu

Azumi ya yi nisa. Geron bara ya ƙare yau, Inna ta kakkaɓe buhun ta yi wa Baba kunun shan ruwa. Ba ya shan na kasuwa, wai ba shi da ƙamshi. Ni dai duk kunu kunu ne.

'Yan ci-rani uku daga ƙauyen sun sauka gaishe shi a hanyarsu ta komawa. Ɗakina suka kwana, kamar kullum, ni na koma zaure. Ban san su ba, amma kowannensu ya san ni, har da ranar da aka yi mini kaciya.

Lahadi, 15 ga Mayu

Ruwa ya sauka bayan la'asar.

Ina zaure ina duba littattafan yara na ji ihun Inna. Baba ne ya ji ruwa a kan kwano ya yunƙura zai tashi, ya faɗo daga gado. Na same shi a ƙasa yana miƙa hannun hagu wajen bango. Da na ɗaga shi sai na ji ba shi da nauyi, mutumin da ya taɓa ɗaukar buhun albasa shi kaɗai.

Ya ce, "Ɗan Jega. Ruwa... gona."

Haka yake kirana, Ɗan Jega, rabi tsokana rabi gori. Ni ɗan fari ne, daga shi har Inna ba mai kama sunana.

Na fita waje, Inna ta biyo ni. Na ce mata aiki nake, gwamnati ba ta san wata gonar kaka ba, in na yi wasa akwai mutum ɗari masu jiran gurbina. Na ce ni a Jega aka yanke mini cibiya, ƙauyen nan sau biyu na taɓa ganinsa. Na faɗi da yawa, murya sama. Ta bari na gama.

Ta ce, "Kai na babba. Ubanka bai taɓa roƙon ka komi ba."

Gaskiya ne. Shi ya fi ba ni haushi.

Litinin, 16 ga Mayu

Hedimasta Malam Shehu ya ba ni hutun Laraba zuwa Juma'a. Mutumin kirki. Ya ce, "Litinin in ishe ka cikin aji, Malam Waliyyu, in ba haka ba bakina ba shi iya kare ka."

Laraba, 18 ga Mayu, Rijiyar Gawo

Tun daga Kangiwa na fara ganin ƙasa tana bushewa. Da na tsallaka iyaka ko alamar laima babu. A nan rairayi ne fari, mai ƙona ƙafa ta cikin takalmi, sama kuma tas ba ko ɗigon girgije.

Goggo Rahma, yayar Baba, ta shafa fuskata da hannu don idonta ya yi rauni. Ta yi kuka, ta tambayi jikin ƙaninta, sannan hannunta ya taɓa gorar da ke kafaɗata. Sai ta tuntsire da dariya, hawaye na zuba.

"Ɗiyana, kai da wane ruwa za ka shibka?"

Na ce ai ruwa ya sauka ranar Lahadi, kuma Baba da ruwan farko yake tahowa.

"Ruwan Jega! Ruwanku shina riga namu da wata guda. Ubanka zuwa shika yi shi zamna. Shi gyara darni, shi yi sassabe, shi sha hura shina kallon gabas. Wata shekara har kwana arba'in."

Shekarata ashirin da bakwai ina ganin mutumin nan yana fita da gora, ban taɓa tambayarsa me yake yi in ya isa ba. Ni kuma kwana uku gare ni.

Yaran ƙauyen suna ta leƙe suna cewa ga ɗan Najeriya. A firamare ɗan Nijar ake ce mini. To, madalla.

Alhamis, 19 ga Mayu

Na ga Baffa Tukur. Na zata zan ga ƙato mai jan ido. Wani siririn dattijo ne mai tari, rigarsa duk faci. Shi ya zagaya da ni ya nuna mini iyakar gonar, daga gindin gawo zuwa tsohuwar jiɓar gara, bai rage ko taku ɗaya ba.

Ya ce, "Bar min irin ga. In ruwa ya zo ni shibka shi da sunan ubanka Kalilu. Kai koma wurin aikinka."

Magana mai kyau. Amma muryar Baba ce ta cika mini kunne: kada ka yarda hannun Tukur ya taɓa gonar nan. Na ce na gode, ni zan shuka da hannuna.

Saura hanya ɗaya, binne. A sa iri cikin busasshiyar ƙasa ya kwanta ya jira ruwa. Wasu suna yi, in ji shi, amma kasada ce. In ruwan kirki ya fara zuwa, ka riga kowa. In yayyafi ne, iri ya tsiro, rana ta kashe.

Goggo ta riƙe mini hannu da za mu rabu. "In binne za ka yi, bar rabi cikin gora. Ubanka bai taɓa juye ta duka ba, ko shekarar da ruwa yay yi yawa. Kuma ka sani, hatsin ga babu mai shi garin ga sai shi. Kowa ya koma ma mai saurin nuna."

Na ce to, Goggo.

Asabar, 21 ga Mayu

Na gama. Kwana biyu ina sara da sungumi, in dawo in bi rami-rami ina zuba iri ina takewa da diddige. Tafin hannuna duk bororo, biro ma da ƙyar nake riƙewa.

Na juye ta duka.

Na gaya wa kaina gonar ce da faɗi, iri ba zai isa ba. Na kuma ce in na bar rabi a wajen Goggo, hannun Tukur zai faɗa. Amma yanzu da nake zaune ba mai ganina, ga gaskiyar: na san in akwai saura a gora, za a sake kirana in na farko ya mutu. Kuma ba na son a sake kirana. So nake a gama.

Lahadi, 22 ga Mayu, Jega

Na miƙa wa Baba gorar. Ya karɓa da hagu, ya girgiza ta kusa da kunnensa. Shiru.

"Duka?"

Na ce duka.

"Ruwa?"

Na ce, "Ya sauka, Baba. Sosai."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe ido. Inna ta mayar da gorar kan ƙusarta.

Lahadi, 5 ga Yuni

Goggo ta kira da wayar Baffa Tukur. An yi ruwa jiya, ba mai yawa ba, amma shuka ta fito layi-layi. Na yi tsalle a zaure kamar yaro. Na shiga na gaya wa Baba, wannan karon ba ƙarya. Har na tsokani Ihsan, na ce ta dinga ce mini Sarkin Noma.

Juma'a, 24 ga Yuni

Kwana ashirin ba ɗigo a can. A nan kuwa har lambatu ya cika. Na fara jin haushin ruwan Jega.

Talata, 28 ga Yuni

Lokacin hutun tara yara suna waje Baffa Tukur ya kira. Ya yi doguwar gaisuwa, na san ba lafiya ba.

Shukar ta ƙone. Duka. Jiya kuma aka yi ruwan kirki, irin wanda Baba yake zama jira. Ya ce ya bi gida-gida har ƙauyuka biyu na kusa, ko tafi ɗaya na irin bai samu ba.

"In ka bar ni, ni zuba nawa. In ka ce a'a, ta kwana hakanan bana. Kai ka da magana."

Na san abin da amsata take nufi, shi ma ya sani. Na kalli allo, jimloli biyar da na rubuta suna nan ban goge ba. Na ce, "Ka shuka, Baffa."

Aka kaɗa ƙararrawa, na koyar da darasi biyu. Ban san me na faɗa musu ba.

Asabar, 9 ga Yuli

Babbar Sallah. Alhaji Maccido ya aiko da cinya. Baba ya ci tsoka biyu, ya tambaye ni tsawon gero yanzu. Na nuna gwiwata. Ya gyaɗa kai, ya ce namu ba ya gaggawa, sai ya wuce mutum a kan raƙumi.

Inna tana bakin murhu, ba ta juyo ba. Ina jin ta sani. Matan ƙauyen ba sa ɓoye wa juna komai.

Lahadi, 21 ga Agusta

Duk ranar da ba makaranta ina kan babur. Kasuwar Jega, ta Maiyama, manoman Danwarai, na Jiga Birni. Tambaya ɗaya: gero mai doguwar zangarniya, mai gashi a jiki wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai. Wani tsoho a Birnin Malam ya ce kakansa ya taɓa noma irinsa. Kakansa!

Ihsan ta ce in gaya wa Baba gaskiya. Na ce ta bari ya ƙara ƙarfi. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, mu duka muna gani.

Asabar, 8 ga Oktoba

Baffa Tukur ya aiko da dami ɗaya ta hannun wani direba. Kyauta. Mai gona shi ke kyauta, na gane.

Na so in ɓoye a sussuke shi tukuna, amma Baba yana kan kujera a tsakar gida yana shan hantsi lokacin da aka shigo da shi. Ya ce a kawo. Na zaro zangarniya ɗaya na sa masa a hannu.

Gajera ce, sumul. Ya shafa ta daga gindi zuwa kai, ya sake shafawa. Tamu da ta soke shi. Ya kai hanci. Ya ajiye ta a cinyarsa.

Sai ya ce, "Waliyyu."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ban ma san haka yake faɗarsa ba, da jan ƙarshe.

Na durƙusa na faɗa masa komai. Busasshiyar ƙasa, binne, maganar Goggo, har dalilin da ya sa na juye duka, wanda ban gaya wa kowa ba sai littafin nan. Na jira ya yi faɗa. Wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi.

Ya ce, "Tun randa gora tad dawo wayam nis sani."

Can kuma, "Tukur ɗiyanai tara. Su ci."

Ya ɗora hannun hagu a kaina, ya bar shi nan. "Ka gaji. Ni na aza ma kaya, ban gwada ma yadda aka ɗauka ba."

Na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ranar mangwaro.

Talata, 11 ga Oktoba

Na dawo daga Maiyama, ya kira ni. Ya ce in samo masa dashen mangwaro.

Na zata ban ji daidai ba. Inna ta saki ludayi ta shige ɗaki, na jiyo kukanta. Ita ta riga ni gane abin da ya faɗa.

Asabar, 15 ga Oktoba

Mun dasa. Yana kan kujera yana nuni da haɓa: matsa gabas, ƙara zurfi, sa taki. Wurin da ya zaɓa, in ban yi kuskure ba, nan ne ya tuge nawa. Da na gama take ƙasa sai ya yi wannan murmushin nasa na gefe ɗaya.

"To, wa za shi ba shi ruwa?"

Na ce ni.

Ban ji daɗi ba. Shekara nawa ina so mutumin nan ya yarda nan ne gida, yau ya yarda, kuma ji nake kamar na karya masa ɗaya ɓarin.

Juma'a, 20 ga Janairu, 2023

Baba ya rasu da hantsi. Bayan sallar Juma'a muka kai shi. A Jega.

Litinin, 23 ga Janairu

Goggo da Baffa Tukur sun iso ta'aziyya. Da mutane suka ragu Baffa ya ja ni gefe, ya ce gona tana nan, duk ranar da na so in zo in karɓa. Na ce Baba ya riga ya yi magana, ta yaransa ce. Ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Goggo ta lalubi ganyen mangwaron, ta tambayi wa ya dasa. Da aka gaya mata ta ce, "Ashe ya sallame mu tun kahin shi tahi."

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Takardar tabbatar da ni a aiki ta fito. Malam Shehu ya fi ni murna. Yanzu ba mai wankewa da asuba, ba gona, ba mai kirana ko'ina. Har na riga maigadi isa makaranta.

Abin da nake so ke nan, ai.

Asabar, 13 ga Mayu

Ruwa ya sauka da azahar. Na farko.

Inna tana cikin takaba, kuma har yanzu ba ta son ƙarar ruwa a kan kwano, ta shige ɗaki. Ni kuma na ga zanzaro ya yi gini a bakin gorar, na ce bari in sauke in goge, don kawai kada ta lalace. Na ƙwanƙwasa gindinta a kan tabarma. Dunƙulen toka ya faɗo, wanda ya manne a ƙasa. Na murje shi.

Ƙwaya goma sha huɗu.

Ba wani abu ba ne. Mai yiwuwa ma sun mutu, shekararsu biyu. Kuma ƙasar Jega ba tasu ba ce, ga kaji, ga awakin maƙwabta. Ni ba manomi ba ne, an riga an gani.

Na dai kira Goggo, gaisuwa kawai. A cikin hira na tambaye ta zurfin rami, da ko a jira ruwa na biyu. Ta ce in tona da yatsa, in laima ta kai tsawon hannu to a sa. Sannan ta ce, "Mi kaka shibkawa, ɗiyana?" Na ce ba komai, Goggo.

Na tona bayan mangwaro. Laima ta kai. Ihsan ta leƙo tana dariya, wai Sarkin Noma ya dawo, na ce ta samo mini ƙaya a kewaye wurin ta daina surutu.

Bakwai na sa. Bakwai na mayar cikin gora, da sabuwar toka, na rataye ta a kan ƙusarta.